Filin Tambaya da Amsa: Jirgin da Na Ƙara a Manhajar Kwaikwayon Tuƙi Ya Ƙi Natsuwa a Sama

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa duk a kan abu ɗaya suke, wato jiragen da masu sha'awa ke saukewa su ƙara a manhajojin kwaikwayon tuƙin jirgin sama, sannan su tarar jirgin yana zillo, ko karkarwa, ko ya ƙi bin hanya. Mun taƙaita tambayoyin kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina amfani da Microsoft Flight Simulator na 2020, kuma jiragen da suka zo tare da manhajar ba sa ba ni wahala. Kwanan nan na sayi wani ƙaramin jirgi mai injin ɗaya na ƙara a ciki. Da zarar na tashi sai hancinsa ya riƙa ɗagawa yana sunkuyawa, idan na yi ƙoƙarin gyarawa kuma abin ya ƙara lalacewa. Shin jirgin ne ba shi da kyau in nemi a mayar mini da kuɗina? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Kada ka yi gaggawar yanke wa jirgin hukunci, domin a mafi yawan lokuta irin wannan matsala ba daga maƙerinsa take fitowa ba. Abin da nake so ka fara yi shi ne ka hau da jirgin zuwa kamar ƙafa 5,000, ka daidaita shi da tirim, wato ɗan maɓallin da ke ɗauke wa hannu nauyin riƙe hanci, sannan ka saki sandar tuƙi gaba ɗaya ka dubi agogo. Tsawon lokacin da hanci ke ɗauka daga ɗagawa ɗaya zuwa ta gaba shi ne zai nuna maka inda za ka nemi laifin.

Idan lilon mai nisa ne, hanci ya ɗaga a hankali gudu ya ragu, ya sunkuya gudu ya ƙaru, kuma zagaye ɗaya ya ɗauki daƙiƙa 25 zuwa 30, to wannan hali ne na jirgin gaskiya. Jirgin yana musayar tsayi da gudu ne, kuma masanin Ingila Frederick Lanchester ya yi bayanin wannan lilo tun 1908. Tsawon zagayen yana bin gudun jirgin, saboda haka a babban jirgin fasinja yakan haura minti ɗaya. Maƙerin da ya sa wannan a jirginsa ya yi aiki mai kyau ne. Maganinsa shi ne ka dubi inda sama ta haɗu da ƙasa ta gilashin gaba, ka tsayar da hanci a wuri ɗaya da ɗan matsi kaɗan, sannan ka sake taɓa tirim. Masu koyo da yawa sukan ƙura ido a kan ma'aunin hawa da sauka su riƙa bin allurarsa, alhali wannan allura tana makara kafin ta nuna abin da ya faru, don haka duk gyaran da aka yi da ita yakan zo a makare ya ƙara wa lilon ƙarfi.

Idan kuwa ka saki sanda amma jirgin yana ta ƙananan fizge-fizge sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, to zargi ya koma kan kayan da ke hannunka. Ka buɗe shafin saitin sandar a cikin manhajar, ka ɗauke hannunka, ka dubi alamar da ke nuna matsayinta. Ya kamata ta tsaya cik a tsakiya. Sanduna masu araha da dama suna auna motsi ne da wani ɗan ƙarfe da ke gogar zoben gawayi, kuma idan ƙura ta shiga ko zoben ya goge, sai su riƙa aika wa kwamfuta saƙon motsi ko da ba wanda ya taɓa su. Masu auna motsi da maganaɗisu, irin su Thrustmaster T.16000M, ba su cika yin haka ba saboda babu abin da ke gogar wani. Idan ka ga alamar tana rawa, ka ware ɗan fili a tsakiya wanda manhajar za ta yi watsi da duk motsin da ke cikinsa. Kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari yakan isa. Kada ka wuce gona da iri, domin filin da ya yi faɗi yana haifar da tasa matsalar: za ka motsa sanda ba abin da ya faru, ka ƙara motsawa, sai jirgin ya amsa a lokaci ɗaya da ƙarfi.

Akwai kuma wani abu da ke ɓoye wa mutane sosai, wato a ba na'urori biyu aiki ɗaya. Manhajar takan raba wa duk na'urar da ta gani ayyuka da kanta, saboda haka mai yiwuwa ne sandarka tana sarrafa hanci, kuma wani abin wasa na Xbox da ka manta a jone shi ma yana sarrafa shi, ko kuma hannun totur an ɗaura masa tirim ba ka sani ba. Ka bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya, ka tabbatar kowane aiki yana wuri ɗaya tak. Daga nan ka shiga shafin taimakon matuƙi ka kashe duk abin da ke taɓa tuƙi, musamman mai daidaita tirim da kansa da mataimakin matuƙi na kwamfuta. An tsara waɗannan ne don jiragen da suka zo da manhajar, kuma idan jirgin ƙari yana da nasa tsarin sarrafawa sai su riƙa ja-in-ja a kan leɓen jela ɗaya, wato ɓangaren jela mai motsi da ke ɗaga hanci ko sunkuyar da shi.

Ka duba har ila yau wane lissafin tashi manhajar take amfani da shi. A ta 2020 akwai zaɓi biyu, Modern da Legacy. Na biyun an bar shi ne saboda jiragen da aka ɗauko daga tsohuwar manhajar FSX ta 2006, na farkon kuwa shi ne sabon lissafin da kamfanin Asobo na Faransa ya yi, wanda ke auna tasirin iska a sassa masu yawa na jikin jirgi. Jirgin da aka ƙera don sabon lissafi idan aka tuƙa shi da tsohon yakan fita daga hayyacinsa, har ma masu A32NX na FlyByWire, wani jirgin ƙari samfurin Airbus, sun rubuta a jagorarsu cewa lallai a bar shi a kan Modern.

Saura lilo na tsaka-tsaki, mai zagaye cikin daƙiƙa biyu ko uku, wanda hanci ke amsa ɗan taɓi kaɗan da tsalle babba. Wannan ya fi kama da abin da ka kwatanta, kuma a nan lodi nake zargi. Duk wanda ya taɓa ganin amalanke da aka tara wa kaya a baya ya san yadda gabanta ke neman ɗagawa. Jirgi yana da wurin da nauyinsa ya taru, kuma natsuwar hancinsa ta dogara ne a kan wannan wuri ya kasance gaba da wani iyaka. Misali, a Cessna 172S, wadda mafi girman nauyin tashinta fam 2,550 ne, an yarda cibiyar nauyi ta kasance tsakanin inci 35 da inci 47.3 bayan layin da ake aunawa daga gare shi, kuma iyakar gaban tana matsowa baya yayin da nauyi ke ƙaruwa. Tazarar duka ba ta kai taƙi biyu ba. Idan cibiyar ta matsa kusa da iyakar baya, hanci ya yi sauƙin juyawa ƙwarai, idan ta wuce kuwa jirgin ya daina neman komawa daidai da kansa. Wannan ba wasa ba ne a jirgin gaskiya. A ranar 8 ga Janairu 2003 wani Beechcraft 1900D na kamfanin Air Midwest ya faɗi jim kaɗan bayan tashi daga Charlotte a Amurka, mutum 21 suka rasu, kuma masu bincike sun gano cewa nauyinsa ya koma baya fiye da ƙa'ida, ga kuma igiyoyin leɓen jela da aka ɗaure ba daidai ba wajen gyara, har matuƙan suka kasa mayar da hanci ƙasa.

Abin da ya sa wannan ya shafi jiragen ƙari musamman shi ne, da yawansu suna da nasu allon lodi a cikin ɗakin matuƙi, daban da na manhajar. Idan ka zuba fasinja da kaya ta shafin manhajar, sannan allon jirgin ya zuba nasa, lissafin biyu kan saɓa. Ka karanta takardar bayanin da ta zo da jirgin ka ga wanne maƙerin ya ce a yi amfani da shi, ka tsaya a kansa shi kaɗai. Ka gwada tashi da matuƙi ɗaya, rabin tanki, ba kaya a baya, sama garau ba iska. Idan jirgin ya natsu a haka, kuɗinka ba su tafi a banza ba.

Tambaya: Jirgin da na sauke mai farfela ne, irin mai ƙaramar taya a jela. Duk lokacin da na ba shi wuta a kan titin tashi sai ya fizge zuwa hagu ya fita cikin ciyawa. Ko an karkata shi ne wajen ƙerawa? Daga wata mai karatu a Damagaram.

Amsa: Malama, ba a karkata shi ba. A yawancin injinan Amurka, irin na Lycoming da Continental, farfela tana juyawa ta hannun dama idan ana kallonta daga kujerar matuƙi. Ƙarfin juyawarta yana danna tayar hagu ƙasa, iskar da take turowa baya tana nannaɗe jikin jirgi ta bugi jela ta gefen hagu, kuma a lokacin da jela ta ɗaga daga ƙasa juyawar farfela tana ƙara tura hanci hagu. Duk waɗannan suna haɗuwa a daidai lokacin da gudu bai kai yadda leɓen jela na tsaye, mai juya hanci hagu ko dama, zai yi ƙarfi ba. Ga shi kuma jirgi mai taya a jela nauyinsa yana bayan manyan tayoyi, don haka da zarar ya fara kaucewa jela takan nemi ta zagayo gaba. Matuƙin gaskiya yana taka fedar dama tun kafin jirgin ya kauce, kuma yana tura totur a hankali cikin daƙiƙa uku ko huɗu. Da a ce jirginki Yak-52 na Rasha ne, wanda farfelarsa ke juyawa ta ɗaya hannun, da zuwa hannun dama zai riƙa fizga.

Idan da madannan rubutu kike sarrafa leɓen jela na tsaye, zai yi wuya ki iya, saboda madanni ba shi da tsaka-tsaki. Ki sami sanda mai murɗawa ko feda. Ki kuma duba ko jirgin yana da makullin tayar jela, domin wasu sai an kulle ta kafin a fara gudu. Wani abu ɗaya da ya kamata ki kawar da shakka a kansa shi ne birki: idan an ɗaura birkin hagu a kan feda kuma saitinsa ya juye, zai riƙa riƙe tayar hagu ba tare da kin sani ba.

Tambaya: Ni X-Plane 12 nake amfani da shi a kwamfutar tafi-da-gidanka. Ina da wani jirgi mai saukar ungulu da wani babban jirgin fasinja da na ƙara. Wani lokaci suna tafiya lafiya, wani lokaci kuma na farkon ya riƙa karkarwa, na biyun kuma ya riƙa hawa da sauka ko da na kunna na'urar da ke tuƙa shi da kanta. Na lura abin ya fi yawa da rana ko idan an ɗauke wuta. Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Malam, lurar da ka yi ta ƙarshe ita ce mabuɗin amsar, kuma na ji daɗin da ka ambace ta. X-Plane, wanda Austin Meyer na kamfanin Laminar Research ya ƙirƙira, yana yanka fiffike da farfela gida-gida ne, ya lissafa ƙarfin iska a kan kowane yanki, ya haɗa su ya ga inda jirgin zai nufa, sannan ya sake lissafin daga sabon matsayi. Yawan maimaita wannan lissafi yana tafiya ne da yawan hotunan da kwamfutarka ke iya zanawa a daƙiƙa. Idan tana zana 40, tazarar da ke tsakanin hoto da hoto ɗaya bisa arba'in na daƙiƙa ce. Idan ta faɗo zuwa 15, tazarar ta kusa ninkawa sau uku, kuma a cikin wannan tazara ƙaramin jirgi mara nauyi ya riga ya juya fiye da yadda lissafin ya zata. Sai lissafi na gaba ya mayar da shi da ƙarfin da ya wuce kima, na bayansa ya sake mayarwa, karkarwar da kake gani ke nan. Ƙasa da hoto 20 a daƙiƙa ma manhajar takan rage gudun lokaci don ta iya bin lissafin.

Kwamfutar tafi-da-gidanka tana rage ƙarfin kanta a yanayi biyu, idan ta koma kan batir da kuma idan ta yi zafi, kuma duka biyun ka ambace su. Ka kunna nunin yawan hotuna a kan allo, ka kwatanta adadin da safe da kuma da azahar. Ka ɗaga bayan kwamfutar iska ta riƙa ratsa ƙarƙashinta, a busa ƙurar da ta toshe fankarta, kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma. A cikin manhajar ka rage inuwa, da ingancin gajimare, da yawan gine-gine, har adadin ya zauna a 30 ko sama. Akwai kuma saiti a shafin farko da ke ƙayyade sau nawa za a yi lissafin tashi a kowane hoto. Yakan zo a kan 2, kuma ga jirgi mai saukar ungulu ko ƙaramin jirgi mai gudu ka ɗaga shi zuwa 4 ko 5. Wannan shi kaɗai yakan kashe karkarwar.

Na'urar tuƙi ta babban jirgin ita ma abin da ke damunta ke nan. Aikinta shi ne ta auna nisan da ke tsakanin tsayin da aka umarce ta da tsayin da jirgin yake, ta motsa leɓen jela gwargwadon wannan nisa, ta sake aunawa. Maƙerin ya daidaita ƙarfin gyaranta ne bisa zaton za ta riƙa samun labari a kai a kai. Idan labarin ya riƙa makara sai ta wuce wurin, ta dawo ta sake wucewa. Haka kuma yake faruwa ga masu ninka gudun lokaci sau takwas ko sha shida don su gajarta doguwar tafiya, saboda haka idan kana yin haka ka tsaya a ninki biyu ko huɗu, ka koma gudun ainihi kafin kowace kwana da kafin fara sauka.

Makarar saƙo tana rikita ƙwararru ma, ba na'ura kaɗai ba. A ranar 26 ga Oktoba 1977, a gwajin saukarsa na biyar kuma na ƙarshe a sansanin Edwards da ke Kalifoniya, kumbon Enterprise ya yi ta zillo gab da taɓa titi, ya taɓa ya sake tashi, alhali Fred Haise na tawagar Apollo 13 ne ke riƙe da sanda. Binciken da aka yi ya nuna cewa jinkirin da ke tsakanin motsin hannunsa da amsar kumbon yana cikin manyan dalilai, kuma daga baya aka ƙara wa kwamfutarsa tsarin da ke rage kaifin sanda idan ta ga matuƙi ya fara kai-komo da sauri. Abin da matuƙi zai yi idan ya shiga wannan hali shi ne ya tsayar da hannunsa wuri ɗaya na ɗan lokaci, ya bar jirgin ya huce, ko kuma ya ba da wuta ya sake zagayowa.

Ba ka faɗi wane jirgin fasinja ba ne. Idan samfurin Airbus A320 ne, ka tuna cewa sandarsa ba kai tsaye take motsa leɓɓan fiffike ba. Umarni kake ba kwamfutar jirgin, ita kuma ta riƙe inda ka ajiye hanci ta kuma daidaita tirim da kanta. Ka taɓa ka saki. Wanda ya saba da Cessna yakan riƙa matsa sandar ba hutawa, sai ya zama shi da kansa ne ke girgiza jirgin.

Tambaya: Jirgina yana tashi lafiya har sai da aka sabunta manhajar, daga nan ya lalace. Na ji ana cewa ana iya buɗe fayil ɗinsa a gyara lambobi. Shin in yi hakan? Daga wani mai karatu a Garwa.

Amsa: A taka matsalar, malam, zargin jirgin yana da tushe. Maƙera suna daidaita jiragensu ne a kan lissafin manhajar kamar yadda yake a lokacin, kuma idan masu manhajar suka gyara yadda ake lissafa iskar farfela ko gogayyar taya da ƙasa, jirgin da aka daidaita da tsohon lissafi zai sauya hali. An ga haka sosai lokacin da aka tashi daga X-Plane 11 zuwa 12 a ƙarshen 2022, da kuma daga manhajar Microsoft ta 2020 zuwa wadda ta fito a Nuwamban 2024. Saboda haka ka fara duba ko maƙerin ya fitar da sabon juyi. Idan ya fitar, ka goge tsohon gaba ɗaya kafin ka sa sabon, kada ka zuba shi a kai.

Kafin ka taɓa lamba ko ɗaya, idan manhajar Microsoft ce, ka kwashe duk abin da ke cikin foldar Community, inda ake zuba kayan ƙari, zuwa wani wuri, ka mayar da jirgin nan shi kaɗai. Sau da yawa wani fenti da aka sauke wa jirgin ne ke ɗauke da tsohon fayil ɗin saiti ya danne sabon, ko kuma wani ƙari na yanayi ko na kyamara ke shiga tsakani. Idan ya gyaru, ka riƙa mayar da sauran rabi-rabi har ka kama mai laifin.

Game da gyaran lambobi, ana iya yi, amma ba na ƙarfafa shi sai ga jirgin da maƙerinsa ya daina kula da shi. A manhajar Microsoft fayil ɗin shi ne flight_model.cfg, kuma a cikinsa akwai sashen daidaitawa mai layuka irin su pitch_stability da elevator_effectiveness, waɗanda asalinsu 1.0 ne. Ƙara na farko yana sa hanci ya yi saurin natsuwa, rage na biyu yana rage kaifin leɓen jela. Sai dai leɓen da aka rage wa ƙarfi don ya yi daɗi a sama mai yiwuwa ya kasa ɗaga hanci a lokacin sauka da ƙaramin gudu, kuma na'urar tuƙi da aka daidaita da tsoffin lambobi za ta iya rikicewa. Wasu jiragen da aka saya ta kasuwar cikin manhajar ma a kulle fayilolinsu suke. Idan za ka yi, ka ajiye kwafin asali, ka sauya layi ɗaya da kashi goma cikin ɗari, ka gwada tashi da tafiya da sauka a filin jirgi ɗaya da yanayi ɗaya, ka rubuta abin da ka gani kafin ka taɓa na gaba.

Idan maƙerin yana nan yana amsa saƙo, ka rubuta masa, kuma ka ba shi abin da zai iya maimaitawa a tasa kwamfutar: lambar juyin manhajar da ta jirgin, filin da ka tashi, nauyi da cibiyarsa, gudu da tsayi, yawan hotuna a daƙiƙa, irin sandar da kake amfani da ita, da tsawon zagayen lilon a agogo. Ka haɗa da ɗan gajeren bidiyo da ke nuna hannunka ba ya kan sanda, idan kuma X-Plane ne ka tura fayil ɗin Log.txt da ke cikin babbar foldar manhajar, wanda ka kwafa nan take bayan ka rufe ta, domin ana sake rubuta shi duk lokacin da aka kunna.